Abin da Yaya Rabe Ya Faɗa Ran Suna

Talata, 10 ga Oktoba, 2023

Su Yaya Rabe sun bar ƙauye. Ina tsakiyar darasi da 'yan aji huɗu aka kira ni a waya. 'Yan bindiga sun shiga garin shekaranjiya, sun kora shanu, sun cinna wa rumbuna wuta. Ba a rasa rai a gidansu ba, alhamdu lillahi, amma kowa ya watse, har maƙwabtan ƙauyuka na bayan Birchi. Yanzu suna Kurfi, wani mai sayar da hatsi ya ba su aron sitonsa.

Na koma aji na tarar na manta abin da nake koyarwa.

Yaya Rabe fa. Wan mijina Jibril, wanda ya riƙe shi tun rasuwar babansu, ya sa shi makaranta, ya tsaya mashi a aurena. Da mijina na da rai da tuni ya hau babur, ko takalmi ba zai tsaya nema ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Mun je Kurfi ni da ɗiyata Jannat, ƙanenta Talha na bar shi wurin maƙwabta. Mun kai shinkafa da 'yan tufafi.

Sito ne ba taga. Warin maganin ƙwarin hatsi har cikin maƙogwaro. Sun raba shi da buhuna, nan matar Yaya Rabe, Yaya Nana, da jikoki, can matan 'ya'yansa. Mazan a bakin masallaci suke kwana.

Na same shi zaune gindin katanga, hannuwa a kan gwiwa. Tun da na shigo dangin nan ban taɓa ganin hannunsa ba komai a ciki ba, ko fartanya, ko igiya, ko carbi. Ya ce gero ya nuna, can suka baro shi tsaye. Ya yi ta maimaitawa.

Na ce su zo shi da Yaya Nana su zauna a ɗakin zaure. Ya ce, "In bar jikoki cikin sito in tafi ɗaki mai silin? Allah ya yi maki albarka, Huseina."

Ban matsa ba. Watakila ya kamata in matsa.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Abdullatif ya zo, babban ɗan Yaya Rabe. Ya gaishe ni har ƙasa kamar kullum, ya sha ruwa, sannan na ga yana bin tsakar gida da ido, daga rijiya zuwa katanga.

"Inna, kin san unguwar nan ta yi daraja saboda ɗaliban jami'a. Akwai mai son wurin, ya rushe ya gina masu ɗakunan haya."

Ya ce abin da za a bayar zai sayi gona kusa da Kurfi inda har yanzu ake iya noma, da gidan ƙasa da zai ɗauke mu duka. Ni da yara a ware mamu sashe.

Na ce wane gida za a rushe?

"Inna, takardar filin nan sunan Baba ke kanta."

Na sani. Jibril ya sha cewa zai je a canza. Gyaran injinan ban-ruwa a Zobe bai ba shi sarari ba, daga nan ciwo ya zo. Kuma wa ke zama yana tunanin takarda tsakaninsa da wansa?

Ban yi mashi faɗa ba. Na ce ya gaida gida. Da ya fita na kasa ɗaura ɗankwali.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Bari in rubuta yadda aka yi, kada wata rana a ce mani mafarki na yi.

Ran sunan Jannat ne. Lokacin muna haya, ɗaki ɗaya bayan tasha. An raɗa suna, an shafa addu'a, sai Yaya Rabe ya miƙe cikin maza ya ce filin da ya saya a bayan gari ya ba Jibril, halak malak, ya gina wa ɗiyar nan gida. Ni ina ɗaka da jaririya. Yaya Nana ce ta shigo tana guɗa ta faɗa mani.

Wurin daji ne a lokacin, sai sabara da ramuka. Jibril ya sayar da gonarsa ta gado. Ni na sayar da 'yan kunnena da saniyar da na gada wurin mahaifiyata. Shekaru muka yi muna gini, ɗaki bayan ɗaki, wani ya sha damina ba rufi. Ran da aka buga kwano Yaya Rabe ya zo tun daga ƙauye, ya hau sama yana miƙa ƙusa, yana yi wa kafinta ba'a wai ya karkace.

Jannat yanzu tana shirin gama sakandare. A gidan nan ta yi rarrafe.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Yaya Rabe ya zo da kansa, Abdullatif a bayansa. A zaure suka zauna. Na dama fura na kawo.

"Huseina, filin nan aro ne na ba marigayi."

Ƙasa yake kallo.

Na ce, "Yaya, aro?"

Na ce in suna so su zo dukansu mu cushe a nan, ƙofa a buɗe take, amma ba za a rushe abin da Jibril ya gina ba.

Abdullatif ya ce, "Mu zo mu ci me, Inna? Bango? Baba manomi ne, ni manomi ne. Albashinki zai riƙe mu?"

Ba zai riƙe ba. Ko mu uku da ƙyar. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci mani rai ke nan.

Furar na nan yadda na kawo ta.

Lahadi, 17 ga Disamba

An zauna wurin mai unguwa. Ba a daidaita ba. Limamin da ya raɗa sunan ya rasu, waɗanda suka halarta wasu sun mutu, wasu sun watse da ƙauyen. Waɗanda ke kusa kowa na cewa ya daɗe, ba ya tunawa sosai. Ba na ganin laifinsu. Wa zai tsaya ya ƙaryata dattijon da aka ƙone wa rumbu?

Abdullatif yau "Malama" ya ce da ni. Yaron da na yi wa wanka.

Talata, 9 ga Janairu, 2024

Sammaci daga babbar kotu. An kawo mani har makaranta, a gaban malamai. A ciki an rubuta cewa ina zaune a wurin da ba nawa ba.

Laraba, 17 ga Janairu

Hedimasta ya haɗa ni da ƙanwarsa, Barista Mardiya. Yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba, amma ba ta da gaggawa. Ta bar ni na yi kukana na gama, sannan ta fara tambaya. Me kuka sayar kuka yi ginin? Ya san kuna yi? Ya taɓa hanawa? Ya taɓa karɓar haya, ko da damin gero? Da Jibril ya rasu, ya ce wani abu a kan gidan?

Na ce ba abin da ya ce sai, "Ki zauna ki riƙe marayu a gidan ubansu."

Ta ajiye biro. Ta ce takarda tasa ce, ba musu. Amma a dokar shaida akwai wata ƙa'ida, estofel suke ce mata. In mutum ya faɗa maki abu, ko ya nuna maki da aikinsa cewa haka abin yake, kika yarda, kika ɗora rayuwarki a kai har kika rabu da abin hannunki, to kotu ba za ta saurare shi ba in ya dawo ya ce ba haka ba ne.

"Ba zaginsa za a yi ba, Malama. Bakinsa kawai za a rufe a kan wannan maganar."

Na ce ko da yana cikin buƙata?

"Kotu ba ta tambayar wannan."

Ta ƙara da cewa ba ƙa'idar kai ƙara ba ce, ta kare kai ce, kuma shi ya kawo ni. Don ta kwantar mani da hankali ta faɗa, na sani.

A hanya na yi ta jin kalmar. A rufe bakin Yaya Rabe. Mutumin da in yana magana Jibril ba ya zama a kujera.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ban ambaci suna ba, ko da yake ya sani. Ya ce kyauta in an bayar, an karɓa, an shiga, har an yi gini, ɗan'uwa ba shi da ikon janyewa. Kuma dukiyar marayu ba tawa ba ce balle in yafe.

To. Boko ta ba ni gaskiya, littafi ya ba ni gaskiya. Na dawo gida na kasa cin abinci.

Ina jin so nake ya ce ni ce da laifi. Da na san abin yi.

Litinin, 11 ga Maris

An ɗauki azumi. Duk shekara kafin watan ya kama buhun gero ke isowa daga ƙauye, na kunun marayu. Yau na sayo a kasuwa, mudu biyu. Ko su da me suka sha ruwa.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Jannat ta yi kwalliya ta zo ta tsaya mani a ƙofar kicin. "Umma, za mu gaida Baffa?"

Na ce Barista ta ce a dakata da zirga-zirga har a gama. Ba ta ce haka ba. Ni ce ban san da wace fuska zan shiga ba.

Ta cire gyalen ta ninke.

Talata, 30 ga Afrilu

Barista ta ce akwai rauni a wajenmu. Ban ji maganar ran suna da kunnena ba, kuma kotu ba ta karɓar "an ce mani". Tana so a kira Yaya Nana shaida, tunda ita ta ji ta bayan labule.

Na ce a'a. Matar da ta kwana da ni a asibiti ran da Jibril ya cika, ita ta rufe mani kai da mayafi. In tsayar da ita gaban jama'a ta ƙaryata mijinta? Ko a ƙwace gidan.

Ta dube ni ta ce, "To saura shi kansa. Ya riga ya dangwala hannu a bayanin da lauyansu ya rubuta cewa aro ne. In ya tsaya a kan haka, aikinmu zai yi wuya."

Talata, 14 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau aka shiga kotu. Yaya Rabe ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ta yi mashi yawa yanzu. Da aka kira shi ya ce a dakata ya yi alwala, tunda Alƙur'ani za a ba shi. Aka jira shi. Lauyansu ya nuna mashi takardar bayanin, ya amsa cewa hannunsa ne. Ita ke nan, da Turanci aka rubuta ta.

Sai Barista Mardiya ta miƙe. Ta gaishe shi da Hausa, "Baba, ina wuni," kafin ta juya harshe tafinta ya shiga tsakani.

Ta tambaye shi wa Jibril yake a wurinsa.

"Ƙanena ne. Ɗana ne ma, ni na riƙe shi."

Ya san lokacin da aka yi ginin?

"Na sani."

Ya san Jibril ya sayar da gonarsa ta gado don ginin?

"Ni na nemo mashi mai saye."

Abdullatif ya motsa a benci. Ni dai hannuna na cikin hijabi ina matse yatsu.

Ta ce, ran sunan ɗiyar Jibril ta fari, ya miƙe ya yi magana a kan filin?

Lauyansu ya tashi ya yi wata magana, mai shari'a ya ce ya zauna. Tafinta ya sake faɗa da Hausa. Yaya Rabe ya ɗaga kai. Ya dubi Abdullatif. Ya dubi hannunsa na dama, wanda ya ɗora a Alƙur'ani. Fanka na ta juyawa a sama tana ƙara.

"Na yi."

Me ya ce?

"Na ce na ba shi."

Aro ko kyauta?

"Halak malak na ce."

Barista ta ce ta gama. Amma shi bai gama ba. Ya juya wajen mai shari'a ya ce, "Ranka ya daɗe, ran da na faɗa ina da gonaki, ina da shanu, rumbuna cike. Ban san Allah zai kawo yau ba. Jikokina a sito suke kwana."

Tafinta ya fara juyawa, ya yi tari ya ƙarasa. Mai shari'a ya rubuta, ban sani ba ko duka ya rubuta.

Da aka fito Barista ta kama hannuna ta ce, "Mun gama, Malama." Fuskarta ba ta yi kama da ta wadda ta gama ba. Na hango Abdullatif a gindin bishiya yana yi wa ubansa magana da hannu, da ƙarfi. Yaya Rabe na tsaye, hularsa a hannu. Ya gan ni. Ya ɗaga mani hannu kaɗan, irin gaisuwar nesa.

Na zagaya bayan motar wani na durƙusa.

Talata, 28 ga Mayu

Yau na ba da nawa bayanin a kotu. Bai ɗauki lokaci ba, ba abin da ya rage a yi musu a kai. Yaya Rabe bai zo ba, an ce ƙafa ke damunsa.

Litinin, 17 ga Yuni

Maƙwabta sun ba mu naman layya da yawa jiya. Na soya na aika Kurfi ta hannun wani direba. Ya dawo da shi da la'asar, ya ce Abdullatif ya ce a gode.

Amma ya ce tsohuwar ta biyo shi har bakin mota ta ce ya gaida Huseina da yara. Ta ce ya tabbata ya faɗa.

Alhamis, 11 ga Yuli

Hukunci. Mai shari'a ya daɗe yana karantawa, na tsinci kalmar nan ta Barista tana ta dawowa. A ƙarshe tafinta ya taƙaita: mai ƙara ya faɗa da bakinsa, ya tsaya ana gini bai hana ba, marigayi ya dogara da maganarsa ya rabu da gonarsa, don haka doka ta hana shi ya zo yau ya ce aro ne. An kori ƙara.

Yaya Rabe ya ja rigar tafinta ya ce, "Wato me ke nan?"

"Wato maganarka ta farko ita ce magana, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To. Haka ne."

Malaman makarantarmu sun zo barka da yamma. Na dafa shayi. Wata ta ce in yi sadaka, Allah ya kunyata azzalumai. Na ce kada ta ƙara faɗin haka a gidan nan. Suka sha shayin suka tafi.

Gida namu ne. Na zagaya shi ɗaki ɗaki kamar mai neman wani abu.

Lahadi, 4 ga Agusta

Wata mai kawo mani nono daga wajen Birchi ta ce Yaya Rabe ya koma ƙauye, shi kaɗai. Wai gero ya wuce shi amma ko wake ya jefa. 'Ya'yan sun hana, ya fita da asuba da fartanyar aro. A kangon gidansa yake kwana, rabin ɗakin ba rufi, ga ruwan Agusta.

Ta ce mutum nawa suka koma? Tsofaffi ne kawai, waɗanda ke ganin ba abin da za a ɗauka a jikinsu.

Na biya ta kuɗin nono na manta ban karɓi nonon ba.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ruwa tun safe. Kwanonmu ko ɗigo.

Alhamis, 19 ga Satumba

An kawo Yaya Rabe asibiti nan Dutsin-Ma. Zazzaɓi da ciwon ƙirji. Wani maƙwabcinsa ya same shi kwance a bakin gona ya ɗauko shi a babur.

Yaya Nana ta aiko a faɗa mani. Ban tsaya tunanin fuska ba wannan karon.

Asabar, 21 ga Satumba

Na kai kunu. Abdullatif na bakin ƙofa, da ya gan ni ya tashi ya fita waje. Bai gaishe ni ba, bai kuma hana ni ba.

Yaya Rabe ya rame har na kusa wuce gadon. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Huseina ce? Ina Jannatu?" Shi kaɗai ke ƙara mata wannan wasalin.

Na ce, "Yaya, ka yafe mani."

"Me kika yi?"



Ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi, "Ni na faɗa. Ke kika riƙe. Da kin saki, da na je na tarar da Jibril da me?" Ya yi tari mai tsawo. Yaya Nana ta tallabe shi. Da ya lafa ya ce, "Yaron nan kada ki riƙe shi a rai. Yunwar 'ya'yansa yake gani."

Ya sha kunun cokali kaɗan. Ya ce ya yi tsami daidai. Sannan ya shiga ba ni labarin waken, wai ya yi fure, in aka samu ruwa biyu nan gaba shi ke nan. Ya ce in an roro zai aiko mamu.

Talata, 24 ga Satumba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan azahar.

Juma'a, 27 ga Satumba

Zaman makoki a ƙofar sito, a kan buhuna. Masu gaisuwa na zuwa, ba inda za a sa su. Wasu mata na nuna ni da baki. Na zauna kusa da Yaya Nana, ta riƙe hannuna a cinyarta har la'asar, ba ta saki ba ko da ake miƙo mata hannu.

Jannat ta yi kukan da ba ta yi ba ran rasuwar babanta, lokacin ba ta gama gane abin ba.

Waken, an ce, awakin da ba mai su sun shiga.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je Kurfi. Mai siton ya zo ina nan, mutumin kirki, yana ta sunkuyar da kai. Kaka ta yi, sabon hatsi na shigowa, ba shi da inda zai zuba. Ya ce ba kora ba ce, amma zuwa ƙarshen wata.

Mazan sun samu aikin ƙwadago a gonakin rani na Zobe, za su kafa bukka da matansu. Yaya Nana fa tana takaba. Ga ƙananan jikoki da tari.

Abdullatif ya raka ni bakin titi, abin da bai yi ba tun bara. Ya tsaya tare da ni har mota ta zo.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Akwai ɗakin da ban taɓa rubuta maganarsa a nan ba. Ɗakin Jibril. Tun da na fita takaba na kulle shi, ko yara ba sa shiga. Shi ya fi kowane girma, taga biyu, ƙofarsa na kallon gabas.

Yau da na dawo daga makaranta na buɗe. Don gara na buɗe, na ga alamarta a jikin ƙyaure. Rigunansa na rataye. Akwatin sifanoninsa, har yanzu da warin baƙin mai. Na zauna a bakin gadon na ɗan jima.

Tunda na buɗe sai na share. Tunda na share sai na fitar da akwatin da tsoffin bututun zuwa zaure, su ma suna tare wuri. Rigunan na ninke, Abdullatif da Jibril tsawonsu ɗaya, ban dai yanke komai ba. Jannat ta zo ta tsaya tana kallona, ba ta tambaya ba, ta tafi ta ɗauko tabarmi ta shimfiɗa. Ban ce ta yi ba. Ta kawo buta ta ajiye a bakin ƙofa, da dardumar salla.

Malam ya ce mai takaba na iya tashi in wurin ya gagara zama. Tambaya kawai na yi mashi, don sani.

Gobe zan je Kurfi gaisuwa. Direban ya ce in mutum ɗaya ce ƙaramar mota ta isa. Na ce ya zo da babbar.